Matakalar Gidan Shifa

Guduma ɗaya Abu Fahad ya buga wa matakalar ƙofar gidan, fuskar simintin ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Ya sa ƙafa ya murje ɓaraguzan, suka koma gari.

Issoufou ya tsaya riƙe da cokalin gininsa. Shekararsa huɗu a Riyad yana gyara wa wannan Balaraben gidajen haya. Shi ne kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar. Fasfonsa yana cikin durowar Abu Fahad, iƙamarsa ma, takardar izinin zama, sai da sa hannun Abu Fahad ake sabunta ta. Tun yana Damagaram bai taɓa yin aikin da ya mutu cikin kwana uku ba. Wannan kuwa sau biyu ke nan yana mutuwa, a gida ɗaya, a unguwar Shifa, cikin sanyin Janairun 1985.

Abu Fahad ya shiga zuba Larabci da sauri. Likita Bashari, Bakanon da yake haya a gidan, ya fito da shirin tafiya asibiti, dole ya tsaya fassara.

"Ya ce kana sayar da simintinsa a unguwarku Utaika, kana cika kwaɓi da yashi."

"Likita, ka gaya masa ko gidan ubana nake gyarawa, kwaɓin da zan yi ke nan."

Likita ya faɗa, aka ba shi amsa. "Ya ce bai ga gidan ubanka ba, wannan ya gani. Yau Laraba. Zai ba ka siminti na ƙarshe, ranar Asabar zai dawo da gudumar nan. In ta sake ɓarewa, huruj."

Wannan kalmar ba ta buƙatar fassara. Fita ce daga ƙasar, ba dawowa.

"Ni ma ka ji tawa, mu'allim," in ji Likita yana buɗe motarsa. "Matata Rekiya tana da ciki wata bakwai. Shekaranjiya saura kaɗan ta zame a nan. Ban ce ka yi sata ba, amma ni ma na fara tambayar kaina."

Kafin Abu Fahad ya tafi, sai ya ja Mamane maigadi gefe. Ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya nuna idonsa da yatsa, ya nuna matakalar. Mamane ya yi ta gyaɗa kai. Issoufou yana kallonsu ta wutsiyar ido.

Mamane dattijo ne, mutumin Maraɗi, mai yawan fara'a da ba da shayi. Amma yana da ƙane, Talle, magini ne shi ma, wata uku yana zaune a Utaika ba aiki. Sau biyu Mamane yana tambaya, cikin wasa-wasa, ko Abu Fahad yana neman ƙarin hannu. Sannan akwai abin da Issoufou bai gaya wa kowa ba. Duk safiyar da ya zo duba aiki, yakan tarar da sawun takalmin taya a yashin da ke gindin matakalar. Likita ba ya sa irinsa. Mamane kaɗai ke da shi.

Issoufou ya farfashe tsohon aikin, ya wanke, ya kwaɓa sabo a gaban idon maigadin, yana ɗaga shebur sama don a gani. Kafin la'asar matakala uku sun fito sumul. Ya gitta katako don mutanen gida su bi ta ƙofar gareji.

"Baba Mamane, na tafi. Sai bukra."

"Ka tsaya ka sha shayi mana, Badamagare."

"Motar Utaika za ta wuce ni."

Bai je ko'ina ba. Ya zagaya bayan layi, ya shige wani kango da ke fuskantar gidan, ya tsuguna bayan tarin bulo. Iska tana shigowa ta tagogin da ba a sa musu ƙyaure ba, tana yanka masa kunne. A nan ya yi sallar magariba. Yana sallamewa ya ji ƙarar ƙofa.

Mamane ne. Ya duba dama, ya duba hagu, ya koma ciki. Da ya sake fitowa yana jan wani dogon abu a ƙasa. Ya ɗage katakon, ya sunkuya kan matakalar.

Issoufou ya tsallaka titi da gudu, ya damƙe masa wuyan hannu.

"Yau na kama ka."

Dattijon ya firgita, abin ya suɓuce masa. Tiyo ne, ruwa yana ta bulbula a kan takalmansu.

"Kai, Issoufou, ba ka tafi ba? Sake ni, za ka karya mini hannu."

"Me kake zuba wa aikina?"

"Me ka gani? Madara?"

"Nawa Talle ya ce zai ba ka in an kore ni?"

Mamane ya fizge hannunsa, ya dube shi ya daɗe. "Ashe abin da ke cikinka ke nan kana shan shayina. To ka ji. Ni kafin in zama haris mai gadin ƙofa, shekara goma sha biyu na yi ina bin magina a Maraɗi. Wa yake barin sabon siminti ya kwana da ƙishi? A garinmu ko maƙwabcin da ba ku ga-maciji, in ya zuba daɓe ya tafi, kai za ka ba shi ruwa da yamma. Kai kana ba shi da hantsi ka gudu ka kama mota. Na ce yaron nan iƙamarsa tana rawa, bari in taimaka."

"Me ya sa kake waige-waige?"

"Abu Fahad ya ce in ya ji wani ya taɓa aikin nan, ni zai fara sawa a jirgi."

Issoufou ya tari ruwan a tafin hannu, ya ɗanɗana. Ba gishiri, ba sabulu, ba ƙaurin komai. Ya bi tiyon har famfo, ya shinshina bakinsa. Ruwa ne zalla. Kuma maganar dattijon gaskiya ce, shi ma a Damagaram safe da yamma yake shayar da gini. Ruwa ba ya kashe siminti. Amma simintin nan yana mutuwa.

Ya bar dattijon ya ƙarasa ba matakalar ruwa. "Nan zan kwana," in ji Issoufou.

"Ka kwana. Tabarma tana nan. Shayi ne dai ba za ka sake sha ba."

Da asuba Issoufou ya fito alwala, ya ɗauki butar da suka bari a tsakar gida. Ya karkata ta, ba abin da ya zubo. Ya jijjiga, shiru. Ya kai ta ƙarƙashin fitila. Cikinta ya kumbura, robar ta tsage daga wuya har gindi, ƙanƙara tana leƙowa ta tsagar.

Ya daɗe yana kallonta. Sai ya ajiye, ya nufi ƙofar gida.

Matakalar tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Ya dangwala yatsa, santsi, sanyi har ƙashi. Ya sa farce a gefe, fuskar simintin ta ɗago.

"Baba Mamane, zo ka gani. Ruwan da ya fasa buta, me zai hana shi fasa ɗanyen siminti in ya kwana a cikinsa?"

Mamane ya tsuguna, ya taɓa, ya janye hannu. "Ruwa yana zama dutse a waje, ba firji? A ƙasar Larabawa?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ke nan ni ne. Duka karo ukun."

Issoufou ya ɗaga kai ya dubi sama. Gabas ta fara haske, rana tana fitowa shaidar za ta narke. Ya buga wa Likita ƙofa har sai da ya fito cikin rigar sanyi. Likita ya dubi butar, ya dubi matakalar, ya koma ciki ya buga wa Abu Fahad tarho.

"Ya ce yana zuwa. Kawo butar a sa a firji kafin ya iso."

"A'a, Likita. In ta fito daga firjinka zai ce haɗa baki muka yi."

Abu Fahad bai iso ba sai da rana ta hau katanga. Matakalar ta riga ta koma jiƙaƙƙen siminti kawai, butar tana ɗiga. Ya juya ta da ƙafa, ya taɓe baki.

"Ya ce tsohuwar buta ce," in ji Likita.

Issoufou ya waiga. Tiyon yana kwance a gindin katanga, inda inuwa ba ta tashi ba tukuna. Ya ɗauko shi a sandare, ya miƙa wa Abu Fahad. Balaraben ya lanƙwasa, aka ji ƙas-ƙas a ciki. Ya girgiza bakin, guntayen ƙanƙara masu tsawon yatsa suka zubo masa a kan takalmi.

Ya karkaɗe takalminsa. Sannan ya yi tambaya ɗaya, idonsa a kan Mamane.

"Ya ce wa ya ba simintin ruwa da yamma?"

Mamane ya buɗe baki, Issoufou ya riga shi. "Ni ne. Ka ce masa haka muke yi a ƙasarmu. Ban san sanyin nan ba."

Likita ya dubi takalmin tayan Mamane, ya dubi Issoufou, sannan ya fassara yadda aka faɗa. Abu Fahad ya yi ta faɗa yana buga tiyon a ƙasa. A ƙarshe ya zaro mabuɗin siton siminti ya jefa wa Issoufou.

"Ya ce kai jaki ne, amma jaki ya fi masa ɓarawo. Asabar ɗin tana nan, gudumar ma tana nan."

Issoufou da Mamane suka fasa, suka sake kwaɓi da hantsi, Rekiya tana miƙo musu ruwan ɗumi a tukunya ta ƙofar gareji. Da la'asar suka lulluɓe matakalar da buhunan siminti. Mamane ya shiga ɗakinsa ya fito da bargonsa guda ɗaya, ya shimfiɗa a sama, ya danne gefunan da bulo.

"Kai da me za ka rufa, Baba?"

"Ba ruwanka."

Ranar Asabar Abu Fahad ya yaye bargon da kansa. Ya buga sau ɗaya, gudumar ta yi tsalle. Ya ƙara, ya ƙara, ya koma kusurwar da ta saba ɓarewa. Ko ƙura ba ta tashi ba. Ya jefa gudumar bayan mota, ya ce akwai katangar da ta tsage a unguwar Shumaisi, gobe da safe.

Da motar ta ɓace, Mamane ya kaɗe bargonsa, ya ɗora a kafaɗa.

"Tiyona fa? Tun shekaranjiya nake nema."

"Yana sito, mabuɗi yana aljihuna. Sai zafi ya dawo."

"Har yanzu ba ka yarda da ni ba ke nan."

"Na yarda da kai, Baba. Hannunka ne ban yarda da shi ba."

Mamane ya yi tsaki, ya shiga ɗaki. Can sai ga shi da kofin shayi biyu.