Ɗan Tsohuwa

Da damina ta sauka a Badaguishiri, sauro ya kan mamaye gari kamar shi ke da filin. Amma a gidan su Labo, mahaifiyarsa Inna Uwani ba ta yarda akwai sauron da ya fi ƙarfinta ba. Kafin magariba ta ciko kasko da garwashi, ta zuba ganyen dogon yaro da bunsurun fadama, ta turare ɗakinta har sai kowa ya fito yana tari. Da safe kuma ta dafa rai-ɗore, ta danne jikanta Nafi'u tsakanin gwiwoyinta ta ɗura masa. A faɗi gaskiya, hayaƙin yana korar sauro. Sai dai garwashi yana mutuwa, sauro kuwa yana da haƙuri.

Hassana, matar Labo, ita ta haifi Nafi'u, kuma nan matsalar take. Ɗan fari ne. Mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta ɗaukarsa gaban surukai, ba ta nuna ta san yana raye. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin kakarsa, ita ke ce masa "angona", Hassana kuwa in dole ta kama sai ta ce "ɗan tsohuwa". Mata har yabonta suke yi, wai yarinya ce mai tarbiyya. Yabon nan yana ci mata tuwo a ƙwarya.

Kullum da safe tana ganin tabon cizo a ƙafafun yaron, ta kawar da kai ta ci gaba da shara. Sange guda, wato gidan sauro, da aka ba ta lokacin awon ciki ta ninke ta ajiye a bakin ƙofar Inna. Washegari ta tarar da shi a garka, an rufe irin albasa da shi saboda tsuntsaye.

"Wa za ya kwana cikin wanga abu kamar an kama kihi?" in ji Inna. "Ɗiya bakwai na raina da hayaƙi."

Hassana ta san biyu daga cikin bakwai ɗin suna maƙabarta, amma wa ya isa ya faɗa?

Da masu rabon maganin rigakafin masassara suka shigo gidan suna tambayar uwar yaro, Hassana ta yi abin da aka koya mata: ta shige ɗaki. Ta labule tana kallo Inna ta karɓi ƙwayoyin da godiya mai yawa, ta ce yaron barci yake, za ta ba shi in ya tashi. Suna fita ta jefa su cikin tsohuwar kwalla. Hassana ta ciji yatsa har ya yi shaida. Ta kira Labo a waya, yana kan hanya da motar siminti daga Malbaza.

"Ka yi wa Inna magana kan yaron ga."

"Wane yaro?"

"Kai ma ka sani."

Ya yi dariya. "Ke Hassana, ki bar ma Inna aikinta. Ni ma ɗan hwarina ne, da wane baki za ni hwaɗa mata?"

Ta kashe wayar, takaici ya ishe ta. Gida cike da mutane, kowa na son yaron, kuma babu mai iya buɗe baki.

Zazzaɓin ya zo kamar yadda ta zata. Inna ta ƙara ganye, ta lulluɓe shi da zane bisa tukunyar surace, ta yi masa wanka da ruwan sabara. Ba ta ci ba, ba ta runtsa ba, wannan kam ba mai ƙwace mata. Jiki ya yi sanyi da safe, da la'asar ya dawo ya fi na jiya. Hassana tana daka tana jin numfashinsa daga tsakar gida, taɓarya na kuskure turmi.

Ranar da Hassana ta kai kunu ɗakin, Inna ta zaga bayan gida. Hassana ta duba ƙofa, ta durƙusa ta buɗe tafin hannun yaron. Fari fat. Ta ja fatar idonsa, nan ma babu jini. Ba ta san lokacin da ta saɓa shi a baya ba. A zaure suka yi karo da Inna.

"Ke! Ina za ki da shi? Ba ki da kunya?"

"Likita za ni, Inna."

Ta wuce ba takalmi. Tsohuwa ta biyo ta tana salati, mutanen unguwa na leƙe.

Malamar likita ta duba yaron, ta ɗago ta watsa wa Hassana harara. "Ke ce uwa tai? Kina kallo jini nai ya ƙare kina zaune? An ba ku sange, an kai muku magani har gida. Mi kuke so a yi muku kuma?"

Hassana ta dubi Inna. Inna ta dubi ƙasa. Amsa ta zo wa Hassana har bakin leɓe, ta haɗiye ta, don ba a tona suruka gaban baƙo.

Da aka zo sa masa ruwa a jijiya, malamar ta ce wa Hassana ta riƙe shi. Nafi'u ya buɗe ido ya ga fuskar da ba ta taɓa yi masa dariya ba, ya sa ɗan ƙarfin da ya rage masa yana ture ta, yana miƙa hannu wajen kakarsa.

"Ba tsohuwa shi," in ji malamar. "Ke hita waje, tun da ko sabo bai yi da ke ba."

Ta fito ta tsaya jikin taga, inda take iya jin kukansa. Wata mata a kan benci ta matsa mata wuri, ta tambaye ta a hankali ko ƙanenta ne ba lafiya.

"Ɗana ne," Hassana ta ce, da ƙarfin da ya sa duk benci ya juyo. "Ni na haihe shi."

Matar ta ce Allah ya ba shi lafiya. A ciki kukan ya fara lafawa, tana jin muryar Inna tana rarrashinsa.