Dogon Tulun Falwaya

Ranar Talata ce, tun da gari ya waye ake yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai dai ya ɓata masa rai. A shagon haɗa tagogi na yayansa, Falwaya yana riƙe da gilashi yana cije leɓe, don gwiwar hannunsa ta dama ta kumbura suntum. Tsawo irin na sandar wutar lantarki ne ya jawo masa sunan. Ko ƙofar shagon sai ya sunkuya yake shiga, in ya manta ta gaishe shi a goshi.

Kumburin na wasan harbin fenti ne. Su biyar ne a ƙungiya, Yaya ne kyaftin. Kowa da bindigarsa mai harba 'yan ƙwallayen fenti, a gindinta kuma ana ɗaura tulun iska. Tulun ne ke ba ta ƙarfi, shi kuma ake dannawa a kafaɗa in za a saita. Duk wanda fenti ya fashe a jikinsa ko a kayansa ya fita. Yaya ne ya sayo tulunan, duka gajeru, daidai hannunsa, shi da kansa ba ya wuce hammatar ƙanensa. In Falwaya ya danna nasa a kafaɗa, hannun ba shi da wurin zuwa, sai gwiwar ta ɓullo gefen maɓoya kamar fiffiken kaza. Kowa a filin ya san gwiwar nan. Tela, ɗan ƙungiyarsu mai shegen baki, yakan ce abokan hamayya ba sa ɓata harsashi a kan Falwaya, gwiwarsa suke jira ta fito gaisuwa.

Yaya yana yankan ƙarfen taga, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ranar Asabar akwai gasa, kuma in aka sake fitar da Falwaya a farko, gurbinsa ya zama na ƙanin matarsa. Falwaya ya ce tulun ne. Yaya ya ce tulu ba shi da gwiwa.

Falwaya ya jingine gilashin da bango, ya fita cikin yayyafin ba tare da ya ce ga inda za shi ba.

Shagon kayan wasan wani ɗan lungu ne a bayan gidan mai, yana warin roba da man shafa bindiga. Tuluna jere a kan katako, manya da ƙanana. Falwaya ya nufi mafi ƙiba, ya rungumo shi. Mai shagon, wata mata mai tabarau a goshi, ta ce ya mayar, wannan iska ce da yawa ba tsawo ba, kafin a tashi wasa kafaɗarsa ta mutu. Ta sa ya lanƙwasa hannu, ta dinga ɗora gindin tulu a cikin lanƙwasar, tana duba inda wuyansa ya tsaya. Na farko ko rabin hannun bai kai ba. Na uku, wani siriri marar nauyi, wuyansa ya zo daidai wuyan hannunsa. Ta ɗaura masa a bindiga ta ce ya saita agogon bango.

Ya saita. Gwiwar ta kwanta a jikin haƙarƙarinsa da kanta, wuyansa ya miƙe. Maimakon daɗi, sai wani baƙin ciki ya taso masa, don ashe duk tsokanar da ya sha, da duk daren da ya kwana hannu na zogi, abu ne da ba ya wuce tsawon tafi ɗaya.

Tana naɗe masa ta tambaye shi ina yake tsayawa a fili. Ya ce gaba, a doguwar maɓoyar nan ta kwance da ake rarrafe a bayanta. Ta sauke tabarau ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce wa ya tsane shi haka. Da wannan tulun, in ji ta, bindigar ta ƙara tsawo, a kwance bakinta zai leƙo waje. Wurinsa baya ne, a tsaye.

Maɓoyar baya kuwa, doguwar nan mai kama da gangar ruwa, ta Yaya ce. Tun da aka kafa ƙungiya yake tsaye a bayanta yana ba da umarni, da ragowar wuri a samansa da za a iya ɗora wani Yayan.

Da yamma, suna rufe shago, Falwaya ya kwance tulun ya nuna masa, ya yi bayani a hankali kamar yadda ya yi ta maimaitawa a hanya. Yaya ya juya tulun, ya ƙwanƙwasa shi da makulli.

"Wato mai shago ce za ta tsara mini 'yan wasa?"

"Yaya, ka gwada ni a baya sau ɗaya. Kai a gaba ko ganinka ba za a yi ba."

Nan ya ɓata rawarsa. Yaya ya ce wato gori ake masa, ya tuna masa wanda ya koya masa riƙe bindiga da wanda ya koya masa riƙe abin yanka gilashi, ya ce in tulun ya yi masa tsawo ya kawo a rage da zarto.

Asabar ta zo, filin duk caɓi. A zagayen farko Falwaya ya kwanta a gaba kamar yadda aka ce, ya matse gwiwa, ba wanda ya gan ta. Fenti ya fashe a bakin bindigarsa. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu, ya fita, shi ne na farko. A bakin ragar da ta kewaye filin ƙanin matar Yaya yana tsaye, har ya sa takalmin wasa. Da Falwaya zai wuce ta kusa da Tela, Tela ya raɗa masa cewa an samu ci gaba, da a gwiwa ne, yanzu a hanci. Falwaya bai yi dariya ba. Sauran huɗun suka lallaɓa suka ci zagayen, na biyu kuma aka cinye su, nan ma a bakin bindiga aka same shi.

Saura zagaye ɗaya, wanda ya ci shi ke wucewa. Falwaya ya ja Yaya gefe, gilashin abin rufe fuskarsa ya yi gumi saboda huci.

"Ka ga dai da idonka. Mu canza."

"Koma raminka."

Aka busa usur. Kowa ya ruga wurinsa, Falwaya kuwa ya yi taku uku zuwa gaba, ya juya, ya faɗa bayan gangar Yaya. Ya miƙe tsaye, tulun ya zauna a kafaɗa kamar tare aka haife su. Daga can sama filin duk a tafin hannunsa yake. Ya fitar da ɗaya a dama, ya fitar da wani da ya ɗago kai. Tun da yake wasa bai taɓa jin haka ba.

Amma gangar ta mutum ɗaya ce. Yaya yana ta zagi ta cikin abin rufe fuska, yana tura shi da kafaɗa. Falwaya ya mayar masa da gwiwar nan mai kumburi, da duk ƙarfin da ya tara. Yaya ya yi taga-taga ya fito fili, fenti ya wanke masa ƙirji da kai, amma kafin ya kai ƙasa ya damƙo rigar ƙanensa. Suka zube tare a caɓi. Wuyan tulun ya bugi ƙarfen da aka kafe gangar da shi, iska ta dinga fita da tsaki har ta ƙare.

Gaba kuma, inda Falwaya ya bari, ba kowa. Ta nan ukun da suka rage suka biyo a guje, suka ɗauke Tela da sauran biyun ta baya. Alƙali ya busa tashi, 'yan'uwan biyu suna ƙasa har lokacin, kowa ya shaƙe wuyan rigar ɗan'uwansa. Sai da mutum huɗu suka raba su.

A hanyar gida Yaya ya ɗauki ƙanin matarsa a babur. Falwaya ya taka da ƙafa, tulun a hammata.

Abin da aka rasa ranar: gasa ɗaya, gurbin Falwaya a ƙungiya, makullin shagon tagogi da Yaya ya aiko aka karɓa kafin magariba, da dogon tulu ɗaya mai karyayyen wuya, wanda ya harba da shi a tsaye sau ɗaya tak.