Gyara Babu Mudu

Kuɗin ragon da suka sayar wa mahauci suna cikin wayar Munir tun safe. Mahaifinsa, Malam Iliyasu, ba shi da asusun banki, don haka da mahaucin ya ce turawa zai yi, sai aka ba shi lambar Munir. Aiken ɗaya ne: ya je Bici, shagon Alhaji Kallamu, ya sayo takin zamani buhu biyu. Jiya aka yi ruwa. Masara ta kai gwiwa, ganyenta ya fara komawa ruwan ɗorawa, kuma Malam ya ce yau za a zuba, kafin ƙasa ta sha iska.

A shagon ya tarar taki ya tashi. Abin da ke wayar zai sayi buhu ɗaya, ya kusa na biyu, bai kai ba. Alhaji ya ce shi ma haka ya saro, babu ragi. Munir ya ce yana zuwa.

Ya tsallaka titi zuwa rumfar Basiru, abokinsa na sakandare, mai cajin waya. Basiru ya ji labarin, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ya buɗe masa wata manhaja. Tseren dawakai ne a Ingila, ana zuba kuɗi a kan doki, in ya zo na ɗaya a ninka maka. Munir ya san sunan abin. Ya ce shi ba ya caca.

"To Ustazu, wa ya ce ka yi caca? Yau gyara suke bayarwa."

Ya yi masa bayani. An ƙara ninkin wani baƙin doki, kuma in ma na biyu ya zo, za a mayar maka da kuɗinka. Dawakan kirki biyu ne kacal a tseren, baƙin da wani fari, sauran 'yan rakiya ne. Ko dai ka ci, ko ka karɓi abinka. Ta ina asara za ta shigo?

Munir ya san gyara. Innarsa tana sayar da wake a cikin gida, in ta auna mudu sai ta ƙara ɗan hannu a kai. Bai taɓa ganin an bi mai saye an karɓe gyara ba, balle mudun. Basiru ya ce gyara ai da girman ciniki take tafiya, mai sayen buhu ba a yi masa ta mai sayen gwangwani. Munir ya hango buhu uku a bayan babur. Ya sauke manhajar, ya zuba duka.

Da kuɗin suka ɓace daga asusun sai ya zauna a kan benci. Aka saki dawakan, ƙanana a fuskar waya, a kan ciyawa shar, wani Bature yana ta zuba magana. Baƙin yana gaba. Sai farin ya taso ta gefe, ya kamo shi, ya wuce shi da wuya ɗaya.

Na biyu. Basiru ya buge shi a kafaɗa, ya ce ka gani, ko a haka ba ka faɗi ba. Saƙo ya shigo, adadin cif-cif. Munir ya danna wurin cirewa.

Ya ƙi.

Ya sake dannawa. Basiru ya karɓa ya gwada, ya ce ko sabis ne. Ba sabis ba ne. A ƙasa akwai rubutu ƙanana, Munir ya bi su da yatsa, da Turancin da ya rage masa na makaranta. Ba kuɗi aka mayar ba, tikiti ne. Ba a cire shi. Sai dai a sake zuba shi a kan wani doki kafin ranar ta ƙare, kuma ko an ci, ribar kaɗai za a biya, uwar kuɗin tasu ce.

Ya tambayi Basiru ko ya san da haka. Basiru ya kalli titi. Ya ce shi bai taɓa sa abin da ya wuce kuɗin kati ba, bai taɓa gwada cirewa ba.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Malam ne, da wayar maƙwabci. Ya ce hadari na haɗowa ta gabas, shi yana bakin gona, ko ya taso? Munir ya ce yana hanya.

Tsere ɗaya ya rage kafin la'asar. Basiru ya dawo da bakinsa. Ya ce mai hankali ba ya sa irin wannan tikiti a kan dokin da kowa ya san zai ci, don ribarsa kaɗan ce, da ƙyar ta sayi buhu ɗaya. A kan na baya ake sawa, mai ninki takwas ko goma, tunda dama ba kuɗinka ba ne.

"Ragon Baba ne," in ji Munir.

Ya zaɓi wanda kowa ya zaɓa. Bai iya kallo ba. Ya miƙa wa Basiru wayar, ya zagaya bayan rumfa ya tsuguna kusa da janareta. Ya so ya yi addu'a, ya rasa da wane baki. Yana ganin layukan masara, da Malam a tsaye da kwano a hannu, da rumbunsu a watan da hatsi ke ƙarewa. Ƙarar janareta ta hana shi jin Baturen. Ya daɗe a haka kafin Basiru ya leƙo ya ce ya ci, da ƙyar.

Wannan karon kuɗin suka fita. Buhu ɗaya suka saya, da canjin da bai wuce na babur ba.

Alhaji Kallamu ya dube shi, ya ce ba biyu Malam ya ce ba? Munir ya ce ɗaya dai. Ya riga ya shirya abin da zai faɗa wa Malam: taki ya ninka, kowa ya san kasuwa. Amma yana ɗaure buhun Alhaji ya ɗaga murya ya ce ya gaida Malam, ya gaya masa jibi zai shigo garinsu ɗaurin aure, za su gaisa.

Ya tarar da Malam a gindin ɗorawa, da kwano biyu. Sama ta yi baƙi. Mai babur ya sauke buhun ya juya. Malam ya kalli buhun, ya kalli hanya, kamar akwai wani babur a baya.

"Ina ɗayan?"

Munir ya durƙusa. Ya faɗa, a gajarce: doki, Ingila, gyara. Kalmar caca ce ta ƙarshe, kuma ƙasa-ƙasa ya faɗe ta.

Malam bai ɗaga hannu ba. Da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya zaro wuƙa ya farke bakin buhun, ya cika kwano ɗaya, ya ajiye ɗayan a kife. Buhu ɗaya ba ya isar gonar nan, in aka barbaza ko'ina babu wadda za ta amfana.

"Rabi zai samu, rabi ba zai samu ba. Tunda ka iya zaɓe, zaɓi."

Munir ya miƙe da kwanon. Gabas ko yamma. Duka shi ya yi musu noman farko. Ɓangaren da aka bari zai tsaya ja har kaka, a bakin hanyar da duk garin ke bi. Iska ta taso, masarar ta kwanta ta tashi.

Wayar ta motsa a aljihunsa. Ya san sautin, na manhajar ne. Wata gyarar ce ta gobe.

"Ana nemanka," in ji Malam. "Duba mana."