Igiyar Keken Ɗinki

Tun da babur ya karya mini ƙauri, Inna ba ta yarda ƙafata ta taɓa ƙasa ba. Ni tela ne, kekena na taka-da-ƙafa yana nan ɗakina jikin taga. Ranar da aka sallamo ni daga asibiti ta cire igiyar da ke juya shi ta ɓoye.

Zama ya ishe ni. In juya dama, in juya hagu, in sosa cikin filastar da tsinke. Na warware wata tsohuwar riga na sake ɗinke ta da hannu, don dai yatsuna su samu abin yi.

Da muka koma asibiti, likita ta ɗaga hoton ƙafar ta daɗe tana kallo. Tsagar tana nan baƙa kamar jiya aka yi ta.

"Malam tela, kana taka ta kuwa?"

Inna ta riga ni. "Allah ya kiyaye! Ko ƙuda ban bari ya sauka a kanta ba."

Likita ta yi murmushi. Ta ce a cikin ƙashi akwai 'yan ƙwayoyi masu gini, kamar magina, amma ba sa ɗaukar bulo sai an aiko musu saƙo. Saƙon wasu sinadarai ne, furotin ta kira su. Yanzu da karayar ta ɗan kwana biyu, in ƙashin ya ji nauyi kaɗan-kaɗan, saƙon zai ƙaru. In kuma hoto na gaba bai canza ba, sai tiyata: a ɗebo ƙashi daga ƙuguna a cike wurin.

Da muka dawo gida na gwada tsayawa, na kasa, na koma na zauna. Na sake tashi. Na sake zama.

"Kai, ka ishe ni da tashi-zauna kamar mai ƙaiƙayi," in ji ta. Ta fita. Can sai ga ta da igiyar, duk ta yi ƙura. Ashe a bayan buhun gawayi take.

"Ka tambayi likitar dai?"

Na buga waya. Likita ta ce a hankali, in ya yi zafi in tsaya.

Na mayar wa keken igiyarsa, na ɗora ƙafar a kan matakinsa. Inna ta jawo kujera ta dafa ƙafar keken mai juyawa da tafinta. Da na ɗan yi sauri sai ta danne.

"Maginan naka ba kurame ba ne. Ba sai ka yi musu ihu ba."

Haka muka riƙa yi kowace safiya, ni ina takawa, ita tana birki.

A hoto na gaba, wani fari-fari kamar hayaƙi ya rufe tsagar. Likita ta ce a bar maganar tiyata tukuna. Inna ta karɓi hoton ta juya shi sama da ƙasa.

"To ina maginan? Ni ban ga kowa ba."