Motar da Baba Ya Zaɓa da Hannu

Mahaifina malamin lissafi ne har ya yi ritaya, amma a ransa shi bakanike ne da aka yi wa kuskuren aiki. Bai taɓa koyo a gareji ba. Duk ƙarshen mako dai yakan shimfiɗa kwali a tsakar gida ya shige ƙarƙashin mota, mu yini muna gaisawa da ƙafafunsa. In ya gama haɗawa, ba a rasa noti ɗaya ko biyu da suka yi saura. "Kamfani ne ya zuba su da yawa," in ji shi. Motar kuwa tana tashi, sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Bana likitan ido ya gaya masa gaskiya, ina zaune a gefensa. Ganin yana raguwa, ba zai dawo ba, kuma tuƙi ya ƙare. Baba ya yi godiya, muka fito, bai sake ɗaga zancen ba, bai kuma ajiye makulli ba. Tsohuwar motarsa ce ta raba gardama, injinta ya buga bugun da ko shi ya yarda ya fi ƙarfin kwali da sifana. Daga nan sai zama. Ya juya hannuwansa ya kalla, ya tashi ya kwance famfon da lafiyarsa ƙalau. Abin ya tsorata ni ƙwarai. Mutumin da ya rasa tuƙi, in ya rasa gyara ma a shekara guda, ban san me zai rage masa ba.

Sai na ce masa ina son mota. Ba ƙarya na yi ba, na gaji da tsayuwar bakin titi da yara biyu.

"'Yar ƙarama nake so, Baba."

"Ƙaramar mota ta yanzu? Ki buɗe bonet ki rasa inda za ki sa yatsa. Babba za mu nema, Auta, irin ta manyan mutane, wadda ta kwana biyu. Mai ita na farko ya sha tsadar, ya kula da ita don yana da hali. Mu kuma mu ci moriyar."

"An ce in irinsu suka lalace, sai mutum ya sayar da kujerun falo."

"Shi ya sa ba kowacce ba. Wadda injinta ba shi da iyayi. Ni zan riƙa duba miki ita a gida."

Maganar da nake jira ke nan. Maigidana, wanda har yau bai san ta inda ake buɗe bonet ba, ya ce a dawo lafiya.

Baba ya hana ni kiran dillalin motocin da aka yi mana kwatancensa kafin mu je. A cewarsa, in dillali ya san kana tafe zai tayar da mota ta yi ɗumi, inji mai ɗumi kuwa ya iya ɓoye ciwonsa. Haka muka faɗa masa da safe ba zato, yana shan shayi a ƙarƙashin rumfa. Wurin fili ne mai tsakuwa da shingen waya, motoci a jere suna ƙyalli. Shi kuma gajere ne mai fara'a, kowa yana kiransa Ba-Matsala, ban kuma daɗe ba na gane dalili.

Ta farko fara ce sol. Ina zama a ciki kujerar ta soma matsa mini baya da kanta. Gaskiya a wannan lokacin na manta da Baba, na manta da abin da ya kawo ni. Shi kuwa ko leƙa cikin bai yi ba. Ya sa aka buɗe bonet, ya tarar an lulluɓe injin da baƙar roba daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ina sandar duba baƙin mai?"

"Ba matsala, Baba, wannan ba ta da ita. Allo ne zai rubuta maka a ciki."

"Allo," in ji Baba. "To in allon ya yi ƙarya, wa zai gaya mini?"

Na fito daga kujerar, raina yana can.

Ta biyu ta ɗan durƙusa ta baya. Ba-Matsala ya ce iska ce ke ɗaga ta, da an tayar za ta miƙe. Baba ya ce shi ba ya son abin hawan da sai an lallashe shi ya tashi tsaye. A ta uku ne ya naɗe hannun riga, ya rufe ido, ya zura hannu cikin injin yana lalube.

Dillalin ya matso kusa da ni. "Hajiya, addu'a yake yi?"

"Gwaji yake yi."

Ban ƙara masa bayani ba. Baba yana neman motar da hannunsa zai iya gane hanya a cikinta ranar da ido ya daina taimako. Ya laluba, ya laluba, ya zaro hannun da ƙyar har fata ta ɗan saɓule. Filta tana can ƙasa, sai an cire rabin gaban motar kafin a kai gare ta. Ya girgiza kai.

Rana ta fara zafi. Ba-Matsala ya ja ni ofishinsa in ga hoton wasu da za su iso wani satin. Da muka fito babu Baba a inda muka bar shi. Can ƙarshen layi muka hango shi a gindin bishiya, ya buɗe bonet ɗin wata doguwa mai ruwan shuɗi mai duhu, tsohuwar yayi amma tsaf. Rigarsa duk baƙin mai, fuskarsa kuwa rabon da in gan ta haka tun kafin mu je asibiti.

"Auta, zo ki taɓa. Ga filta nan a sama, ko yaro ya cire ta. Ga fulogai a jere kamar ɗalibai masu ladabi. Fanbel ɗaya tal. Wannan tiyon ma ba a daɗe da canja shi ba, kuma wanda ya ɗaure shi bai yi gaggawa ba. Wani ya ɗumama ta da safen nan, amma na yafe mata. Ita za mu ɗauka."

Na leƙa ta taga. Ga filas a kujerar gaba, ga takalmin yaro ɗaya a ƙasa, ga hula a kan dashbod. Ba-Matsala ya sosa ƙeya.

"Baba, ai wannan tawa ce. Da ita na zo aiki."

Baba ya tsaya da hannu a kan injin. Ya juya ya ƙura wa gilashin gaba ido.

"Babu takardar sayarwa a jikinta?"

"Babu."

"Sauran duk akwai?"

"Akwai, Baba. Manya-manya."

Baba ya janye hannunsa daga kan injin. Sannan ya ce, "Ban gani ba." Ya fara sauke hannun rigarsa a hankali, yana ba da haƙuri. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Dillalin ya dube shi, ya dube ni, na ga ya gane. Maimakon ya yi ta jaje, sai ya ce, "Tiyon nan ni na ɗaure shi da hannuna. Ya aka yi ka san ban yi gaggawa ba?"

Shi ke nan, an sosa wa Baba inda ke masa ƙaiƙayi. Kai biyu suka shige ƙarƙashin bonet, ni na koma 'yar riƙe filas. Ashe shi ma dillalin a gida yake gyara abarsa, kuma abokai sun sha taya ta yana hanawa. Na bari sai da suka fito, na ja dillalin gefe na ce masa ni fa ba zan bar wurin nan da wata mota ba sai wannan. Ya ce akwai matsala. Ina jin ranar ce bakinsa ya fara furta haka. Amma dillali dillali ne, ko rigar jikinsa ka taya da kyau zai tambaye ka ko da hular kake so. Abin da muka daidaita a kai, ni da shi muka sani, maigidana kuma ya san wani sashe.

Ba-Matsala ya kwashe filas da takalmi da hula, ya zaro makulli ya miƙa wa Baba da hannu biyu. "A zagaya da ita a ji, ranka ya daɗe."

Baba ya karɓa, ya juya makullin a tafin hannunsa, ya taka zuwa ƙofar direba ya buɗe. Na buɗe baki, na rasa kalmar da ba za ta kunyata shi a gaban baƙo ba. Baba ya sunkuya ya shafa sitiyarin, ya zagaye shi da hannu sau ɗaya. Sai ya miƙe ya riƙe ƙofar.

"Shiga, Auta."

Ya sa mini makullin a hannu, ya rufe ni, ya buɗe ƙofar baya ya zauna. Tun da nake ban taɓa ganin mahaifina a bayan mota ba.

Muka hau titi. Motar tana tafiya sumul, ni kuma hawaye yana neman hana ni ganin hanya. Ta madubi na ga ya miƙe ƙafa, ya jingina kai, ya kasa kunne.

"Ashe haka manya ke ji a nan," ya ce. "Rage gudu kaɗan. Yauwa. Kin ji wannan ɗan ƙaran a tayar baya ta hagu?"

"Ban ji ba, Baba."

"Yana nan. Ba na gaggawa ba ne, amma sai na shiga ƙarƙashinta." Murna fal a muryarsa.

Na wuce kwanar da za ta mayar da mu wurin dillali. A da, da tuni ya yi mini faɗa. Bai gan ta ba, ni kuma ban juya ba.