Namasaka na Sama da Namasaka na Ƙasa

Kamfaninmu a Nakuru yana ba da hayar injin da ke ɗaga mutum cikin kwando zuwa saman gini. Ni nake horar da masu hawa, ni kuma nake raka injin ranar farko in miƙa makulli. Ƙa'idar inshora ɗaya ce: sai da mutum biyu masu katin horo, ɗaya a kwando, ɗaya a ƙasa wanda zai sauko da shi in ya suma ko injin ya tsaya. In babu na biyun, kome ya faru ba za su biya ba.

Ran Talata muka kai injin wata mayanka a bayan gari. Rufin ya yi fari fat da kashin babba-da-jaka, indararo ya toshe da gashi da guntayen hanji da tsuntsayen suka ja sama suka bari. Warin kuwa har a harshe ake jin sa.

Gitonga, ɗan kwangilar wankin rufin, ya miƙo mini takarda yana cin mandazi, wani irin fanke. Na sama: Wycliffe Namasaka. Na ƙasa: Barasa Namasaka. Ya ce wa da ƙane ne, ƙanen ya zagaya bayi.

Wycliffe ɗalibina ne. Kwana uku na yi ina kiran sunansa a aji, kuma da hannuna na rubuta katinsa: Wycliffe Barasa Namasaka. Na dube shi. Yana ta gyara igiyar ɗamararsa, wadda ba ta buƙatar gyara.

"To mu jira ƙanen naka," na ce.

Gitonga ya yi dariya. "Haba Malam. Yaron nan ya fi biri iya hawa. Takarda ce kawai, wa zai duba?"

Na ce masa za a duba, amma sai ranar da mutum ya faɗi. A ranar ma'aikacin inshora zai nemi Barasa, ya tarar shi ne kwance a asibiti. Gitonga ya share man mandazi a jikin takardar, ya ce ai shi ya sa ba ya son 'yan boko a wurin aiki.

Wycliffe ya ja ni gefe. Ya ce in na mayar da injin, Gitonga zai sa tsani ya kira wani, shi kuma ba zai sake samun aiki a wurinsa ba. Ya roƙe ni in rufe ido.

Na karɓi takardar, na soke Barasa, na rubuta sunana.

Haka na tsaya a gindin injin tun hantsi, hannuna kusa da maɓallin saukarwa. Duk abin da Wycliffe ya wanko sai ya biyo iska ya sauka a kan hulata da kafaɗuna. Wajen azahar feshin ruwan ya tsaya. Na kira shi, shiru. Na sauko da kwandon a hankali, yadda nake koya musu. Yana durƙushe a ciki, ya yi amai a rigarsa, zafin kwano da warin maganin wanki sun juya masa kai. Muka zaunar da shi a inuwa, muka ba shi ruwa.

Gitonga ya leƙo, ya ce ya ga tsarin ya yi kyau, ko zan dawo gobe in sake tsayawa.

Na zare makullin na sa a aljihu. Na ce ana fara aji ƙarfe takwas, ya aiko da mutum mai jikinsa daban da na Wycliffe, sannan ya zo ya karɓa.

Washegari ya aiko da direbansa. Kafin in rubuta komai, sai da na sa shi ya faɗa mini sunayensa duka.