Gaisuwar da ta Cinye Fadamarmu

Lokacin da soja ke shirin miƙa mulki, an yi shela cewa za a rubuta sabon tsarin mulki, kowa ya zo Gusau ya faɗi nasa. Mutanen 'Yankuzo suka tura Babanmu da magana ɗaya tak: gonar gado ta magada ce, kada a sa ta hannun gwamnati.

Baba mutum ne mai ladabi, abin da ya cuce mu ke nan. Da aka ba shi dama sai ya hau gaida manya ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Bai ko kai kan wakilin Bungudu ba aka kaɗa masa ƙararrawa, wai lokacinsa ya ƙare. Manyan suka koma cacar bakinsu kan rabon kujeru da yawan jihohi. Daga baya aka karɓe gonarmu ta tudu, har Baba ya rasu yana cizon yatsa.

Bana aka sake shela, wai za a gyara kundin. Ga shi gwamnati ta riga ta kafa turakun siminti a fadamarmu, ita kaɗai ta rage mana. Aka zaɓi yayana Yelwa, ni na raka shi. Tun daga tashar Tsafe nake ja masa kunne.

"Yaya, don Allah ban da gaisuwa. Ka faɗi abin da ya kawo mu kawai."

"Sabiru, ni ma ɗan Baba ne. Ban manta ba."

Wallahi rigimar ba ta canza ba: kujeru, jihohi, sai hayaniya. Da aka kira Yelwa ya miƙe tsaye.

"Gonar gado..."

Shugaban zaman ya ɗaga hannu yana murmushi. "Haba dattijo! A garinku ba a gaisuwa ne?"

Zaure ya kwashe da dariya. Mutum da jikokinsa, a tsinka shi haka a bainar jama'a! Sai ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, an wuni lafiya? Ya gajiya?"

Baƙin ciki kamar ya kashe ni. Tunda ya gaida ɗaya, ai dole ya gaida saura. Bai kai ƙarshen teburin ba ƙararrawa ta kaɗa.

Washegari muka je fadama, muka tarar da masu awo suna jan igiya ta tsakiyar albasarmu. Babbansu ya ga furfura, ya rusuna.

"Sannu Baba, an tashi lafiya?"

Yelwa ya dubi turakun, ya dubi albasar.

"Lafiya lau," in ji shi.